Littafin da Na Ce Gara Ta Cinye

Turawa, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga uwata, Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare miki hanya, ya sauke ki lafiya a ƙasar da ba ki san kowa ba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Mu nan lafiya lau, sai dai kewarki da ta fara damuna tun ba ki tashi ba.

Gwaggonki Lami za ta shigo Kano jibi, ita za ta miƙa miki wannan. Na san za ki ce me ya hana ni faɗa da baki ranar Asabar da kika zo sallama. Na yi niyya. Sau biyu ina buɗe baki, sai in ga kin juyo kina kallona da idon mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, sai in ɓuge da tambayar ko kin sha ruwa. Shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa.

Kin tuna bayan la'asar muna zaune a rumfa, kika ciro waya kika nuna mini shafin da ke ɗauke da sunanki. Kika ce duk sanda wani masani, ko a wace ƙasa yake, ya rubuta maƙala ya ambaci aikinki a ciki, na'ura za ta ƙara miki ɗaya. Kika nuna mini wani zane mai kama da saƙar gizo, ɗigonki a tsakiya, zare ya fita daga gare shi zuwa duk wanda kuka taɓa yin bincike tare. Kika ce waɗannan biyun, yawan ambato da yawan abokan aiki, su masu ɗaukar aikin suka duba kafin su kira ki. Na yi murna ƙwarai, Allah shaida ne. Sai kika rubuta sunana don wasa, na'urar ta ɗan yi juyi, ba ta kawo komai ba.

Kika ce, “Baba, kai ba ka ciki.”

Na yi dariya, ke ma kika yi. To yau ina gaya miki dariyar ba ta kai ciki ba. Shekaruna sun kusa saba'in, na yi ritaya, na aurar da 'ya'ya, na binne matata, amma maganar nan sai da ta sosa min wani tsohon miki.

Ba shi ne ya sa ni rubutu ba. Abin da ya sa ni shi ne maganar da kika yi daga baya, kina ɗaure jaka, kamar ba komai ba. Kika ce babban farfesan da za ki yi aiki a ƙarƙashinsa ya ga maƙalarki ta tsargiya da za ta fito, ya ce sunayen marubuta sun yi yawa, a rage. Kika ce, “Asabe za a mayar da ita wajen godiya a ƙasa, ai ita ba ta damu da irin wannan ba.” Asabe, nas ɗin da ta yi damina uku tana hawa acaɓa tana bin ƙauyukan Rogo tana karɓo miki kwalaben fitsari. Asaben da ke da bakinki kika gaya mini ita ta fara lura cewa matan da ke wanki a bakin ruwa suna da wani ciwo da ba sa iya faɗa wa namiji, kuma daga lurar tata aikin naki duka ya samo asali. Da kika faɗi haka sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Akwai labarin da ban taɓa ba ki ba, kuma ba na so ki haye jirgi ba ki ji shi ba.

Kin san na yi aikin ɗakin gwaji a ƙaramin asibiti. Abin da ba ki sani ba shi ne ni ma na taɓa shiga aikin bincike, a kan wannan cutar taki ta fitsarin jini. Lokacin kina goye. Ba a daɗe da tare ruwa aka yi dam ba, mutane suna ta murnar noman rani da kamun kifi, sai fitsarin jini ya yawaita a garuruwan bakin ruwa. Wani likita ya zo daga jami'a, sunansa Dakta Habu, dogo siriri mai yawan raha, ya ce yana neman wanda ya iya duba madubin ganin ƙwayoyin cuta. Aka nuna masa ni. Ya gwada ni da gilasai kaɗan, ya duba bayana, ya ɗago ya ce, “Malam Salihu, idonka ya fi nawa.” Na dawo gida ranar a kan keke kamar ba na taka feda.

Matsalarmu ta farko ita ce mutane sun ƙi ba da fitsari. Na cikin gari da dama-dama, amma a rugagen wajen Daura, Daurarmu ta nan Karaye, ko kallonmu ba a yi. Suna cewa wa ya san abin da za a haɗa da fitsarin mutum. A nan Buba ya shigo. Buba Bafulatani ne mai shanu da gonar gyaɗa, mun saba tun muna samari, Hausa da Fillanci duk a bakinsa suke kamar ruwa. Na je na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, ya ce, “Kai ka yarda da mutumin nan?” Na ce na yarda. Ya ce, “To ni kai na yarda da kai.”

Washegari ya tara mutanensa a gindin wata tsamiya. Ya yi musu magana da Fillanci, ban ji duka ba, na dai ga ana gyaɗa kai. Sannan ya karɓi kwalba a hannuna a gaban kowa, ya zaga bayan bukka, ya dawo ya miƙo mini, yana dariya yana cewa idan ya zama kura gobe su kama ni. Aka fashe da dariya, aka shiga layi. Daga nan ruga bayan ruga yake kai mu, a ƙafa, ba a biya shi ko sisi ba, shi ma bai nema ba.

Don a rufa wa mutane asiri, ba a rubuta suna a jikin kwalba, sai lamba. Sunan mai kowace lamba da unguwarsu suna cikin wani littafi mai baƙin bango, ni kaɗai nake riƙe da shi. Sakamako kuma, da lamba kawai ake aika wa Dakta Habu. Buba shi ne lamba ta ɗaya. Da na sa fitsarinsa a madubi, na ga ƙwan tsutsar nan birjik, har na ɗago na goge ido na sake dubawa. Shi kuwa lafiyarsa lau a ido, ba ya kukan komai. Na ce a raina zan gaya masa idan maganin ya iso, don Dakta ya yi alkawarin zai nemo magani ya dawo a bi duk wanda aka samu da cutar. Kafin nan rani ya shigo, Buba ya bi shanu kudu.

Aka ɗauki lokaci, sai ga ambulan ta gidan waya. Maƙalar ce ta fito a wata mujalla ta ƙasar waje, Dakta ya aiko mini kwafi. Na buɗe da sauri. A sama ga sunansa, ga na farfesansa, ga na wani Bature da ya kwana biyu kacal a wajenmu, wanda ban taɓa ganin ya sa ido a madubi ba. Na bi shafi-shafi har ƙarshe. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka ce ana godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji da jama'ar yankin. Shi ke nan. Watannin da na yi a sunkuye har wuyana ya ƙage, na zama “ma'aikata”. Buba ya zama “jama'a”.

Na shigo gida na jefar da takardar a kan tabarma. Mahaifiyarki tana tankaɗe, ta ce, “Malam, lafiya?” Na gaya mata. Ta ce, “To ka je ka tambaye shi mana. Wataƙila akwai dalili.” Na ce, “In tambaye shi me? Bai san ni ba ne? Bai san inda nake ba?” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Wannan shi ne kuskurena na farko, uwata. Ban nemi haƙƙina a lokacin da ya kamata ba, wato tun kafin a fara aiki, sannan da aka hana ni ban buɗe baki na tambaya ba, sai na haɗiye na bar shi yana ruɓa a cikina. Kunya ce ta hana ni da farko, ina ganin ƙaramin ma'aikaci bai isa ya tambayi likita ina sunansa zai shiga ba. Girman kai ne ya hana ni daga baya. Ke kada ki yi haka. Duk aikin da za ki shiga da wani, komai girmansa, ku zauna tun ranar farko a faɗi wa zai yi me, kuma sunan wa zai zo a ina. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa, a rubuta. Waɗanda ke ƙasa da ke kuwa, kada ki jira su tambaya, don ba za su tambaya ba. Kin ce Asabe ba ta damu ba. Ni ma da an tambayi Dakta Habu a lokacin, haka zai ce game da ni, domin kullum da fara'a nake gaishe shi.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma ban taɓa faɗa wa kowa shi ba sai mahaifiyarki da Buba.

Dakta Habu ya cika alkawari. Bayan damina sai ga motarsa a ƙofar asibiti da kwalaye a baya. Ya shigo ɗakin gwaji yana washe baki, ya ce, “Malam Salihu, an samu magani! Ba zai ishi kowa ba, amma zai ishi waɗanda muka samu da cutar. Ɗauko littafin nan mu fitar da sunaye.”

Littafin yana gida, a ƙasan akwatina, cikin leda. Na dube shi na ce, “Ranka ya daɗe, ai gara ta cinye shi.”

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Abin da ke raina shi ne, tun da ni ba kowa ba ne, to ya ga yadda aiki zai tafi ba ni. Ya tsaya ya dube ni. Ina jin ya gane. Sai ya ce, “Allah ya kyauta.” Da ba sunaye, sai ya raba maganin a makarantun firamare da kuma ga duk wanda ya zo da kansa yana kukan fitsarin jini. Yara da yawa sun amfana, alhamdu lillahi. Amma manya na rugage, waɗanda cutar ke cin su a ɓoye ba sa ganin jini, ba wanda ya bi su. Ni kuma na ɗauki hutu na zo na zauna a nan Turawa har ya gama ya tafi. Ya rubuto mini wasiƙa daga baya, na mayar masa da ita ban buɗe ba.

Za ki ce to Buba fa, ai shi ba sai da littafi ba. Haka ne. Na sha haɗuwa da shi a kasuwar Rogo. Zai hango ni ya taho da sandarsa a kafaɗa, mu gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ce ina 'yar likita, don haka yake kiranki tun kina rarrafe. Wani lokaci ya ba ni man shanu in kawo gida. Da farko fushi ne ya hana ni, ba na son duk abin da zai tuna mini da aikin nan. Da fushin ya huce sai kunya ta maye gurbinsa. Ina tunanin idan na ce masa ya sha magani zai ce tun yaushe na sani, kuma me ya sa sai yanzu. Kullum sai in ce kasuwa mai zuwa. Ga shi kuma garau yake, sai na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila jikinsa ya kashe abin. Ni da na san ba haka ake yi ba.

Kina aji biyu na sakandare aka kawo shi asibiti a kan babur, an riƙe shi ta baya. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, ƙafafu sun kumbura, fitsari ba ya fita sai da azaba. Aka ce sai Kano. Ni na raka shi. Likitocin can suka yi hoto, suka ce mafitsara ta lalace, abin ya taɓa ƙoda, an zo a makare.

Ranar da aka gaya mana, da rana tsaka, ina zaune a bakin gadonsa ina yi masa fifita. Ya juyo ya ce, “Malam Salihu, wai shekarun baya da na ba ka fitsarina a gindin tsamiya, me ka gani a ciki?”

Na so in ce na manta. Bakina ya ƙi. Na gaya masa duka, da ƙwan da na gani, da maƙalar, da littafin, da garar da ba ta ci komai ba. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, “To sauran fa?”

Na ce, “Waɗanne?”

Ya ce, “Mutanen da na kai ka gidajensu. Da bakina na ce musu su yarda da kai. Littafin yana nan?”

Na ce yana nan.

Ya ce, “To me kake yi a nan? Ni ina da masu jinya. Tashi ka bi su.”

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce, “Nawa na yafe, duniya da lahira. Nasu ba nawa ba ne balle in yafe.”

Na dawo na ciro littafin. Duk ranar da ba ni da aiki sai in hau babur in bi rugage da ƙauyuka da magani a jaka, ina kiran sunaye. Wasu na same su, suka sha, suna ta sa mini albarka, albarkar da nake jin nauyinta kamar dutse. Wasu sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Wasu an nuna mini kabarinsu. Buba ya rasu bayan babbar salla ta waccan shekarar. Ba zan ce da ya sha magani da yana nan ba, rai a hannun Allah yake, likitocin ma ba su ce haka ba. Abin da na sani shi ne na gani da idona, na yi shiru, saboda ba a rubuta sunana a takarda ba.

Don haka ki ji ni da kyau. Kowace lamba da ke cikin kwamfutarki mutum ce, tana da miji ko mata, tana da wanda ya ce mata ta yarda da ke. Kada ki bari maƙala ta fita duniya ta sani alhali mai fitsarin bai sani ba. Matan nan da Asabe ta shiga ɗakunansu suka gaya mata abin da ba su gaya wa mazajensu ba, kafin ki tashi ki tabbata an koma wa kowacce da sakamakonta da maganinta. Idan lokaci ya ƙure miki, ki bar abin a hannun wanda kika amince da shi, ki riƙa bibiya daga can har a gama. Kuma duk ranar da wani ya ɓata miki rai a wajen aiki, za a ɓata kuwa, ki yi rigimarki da shi shi kaɗai. Kada ki rama a kan aikin, domin ba shi zai ji a jikinsa ba.

Dakta Habu ban sake ganinsa ba. A rediyo na ji rasuwarsa, na shirya na tafi ta'aziyya. A wajen zaman makoki wani dattijo ya gane ni, ashe direbansa ne na wancan lokacin. Muna hira ya ce mini, “Ai maigida ya yi rigima a kanka. Ya so a sa sunanka, na sama da shi suka ce ba ka da digiri. Har gurbin ƙaro karatu ya nemo maka, ya ce ya rubuto maka ba ka amsa ba.” Ban san ko duka gaskiya ne ba, ko dattijon yana gyara wa mamaci ne. Ba kuma zan taɓa sani ba, tun da wasiƙar da ke da amsar ni na mayar da ita a rufe. A motar dawowa na yi ta kallon gonaki ta taga har Karaye. Idan abokin aiki ya rubuto miki, ko kina fushi da shi, ki buɗe ki karanta. Abokan aikin kirki ba su da yawa, ni guda na samu a rayuwata na yar da shi.

Akwai kuma laifin da na yi miki ke kanki. Kina firamare aji huɗu kika shigo da gudu da katin sakamako, ko takalmi ba ki cire ba, kina cewa, “Baba, na zo ta biyu!” Na karɓa na duba, na ce, “Wa ya zo na ɗaya?” Na ga fuskarki ta sauya. Kika faɗi sunan yarinyar a hankali, kika shige ɗaki. Mahaifiyarki ta biyo ni zaure ta ce, “Malam, yarinya ta kawo maka murna, ka mayar mata da lissafi.” Na ce ai don ta ƙara himma ne. Ba don haka ba ne. Ina so ne ki zama sunan da ba wanda ya isa ya tura ƙasan shafi. Haushina na ɗora miki, ke kuma kika ɗauka kika yi ta gudu da shi, ba ki sake zuwa ta biyu ba har kika gama jami'a.

Ranar Asabar na lura da ke. Muna cikin hira sau uku kina leƙa shafin nan ki ga ko lambar ta motsa. Kika ambaci wata abokiyar karatunki kika ce ta wuce ki, na ji muryar yarinyar aji huɗu a bakinki. Ni na koya miki wannan, ki yafe mini.

Ba cewa nake ki raina lambar ba. Ita ta buɗe miki ƙofar da ni ban ko hango ba, kuma daɗi ne a ce masana a ƙasashen da ban san sunansu ba suna karanta abin da 'yata ta rubuta suna ɗora nasu a kai. Amma kin tuna na tambaye ki ko na'urar tana bambanta wanda ya ambace ki don ya yaba da wanda ya ambace ki don ya ce kin yi kuskure, kika yi dariya kika ce duk ɗaya take ƙirgawa. Kika ce wasu ma haɗa baki suke yi, ka ambace ni in ambace ka, kamar gudummawar biki. To abin da ke ƙirge haka, a yi amfani da shi, amma kada a ba shi amanar zuciya. Masu rubutu kawai yake ji. Matar da ta daina jin ciwo a wani ƙauyen Rogo ba za ta rubuta maƙala ta ambace ki ba. Kin ce kuma ana ba ki shawara ki bar tsargiya ki koma cutar da ta fi jan masu karatu a can. Wannan ke za ki yanke, kin fi ni sanin aikinki. Ni dai na san idan irinku suka bar ta, ban ga wanda zai ɗauka ba, don ba 'ya'yan masu ƙirgen take kamawa ba.

Maganar Asabe kuwa, ba umarni nake ba ki ba, roƙo nake. Ki rubuta wa farfesan nan, cikin girmamawa, ki gaya masa abin da ta yi dalla-dalla, ki ce sunanta a sama yake. Mai yiwuwa ya ji haushi. Mai yiwuwa ki fara zama da shi da ɗan tsami, ke baƙuwa, ba ki da kowa a can. Na san ba ƙaramin abu nake nema ba, ina zaune a inuwa ina tura ki rana. Amma idan mutumin kirki ne zai gane, idan kuma ba na kirki ba ne gara ki sani tun yanzu. Ki kira Asabe ki gaya mata da bakinki, kada ta gani a takarda.

Na cika ki da surutu. Gidan ne ya yi girma tun da mahaifiyarki ta tafi, yanzu ke ma da nake cewa ga ki nan Kano, mota ɗaya ce, za ki yi nisan da ba mota. Jiya na tsinci kaina ina share ɗakinki, ɗakin da kika bari tun ranar aurenki. Gwaggonki ta leƙo ta ce, “Yaya, wa zai zo?” Na ce ba kowa.

Ba zan zo filin jirgi ba. Na ce miki ciwon ƙafa ne, ba ƙafa ba ce. Ba na so jikokina su ga kakansu yana kuka a gaban mutane.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da agogon can ya rikita ki. Ki ci abinci, na san halinki idan aiki ya kama ki. Ki riƙa yi wa yara Hausa a gida. Ki kyautata wa maigidanki, ya bar nasa ya bi ki, ba kowane namiji zai yi ba.

Abu na ƙarshe. Ni tsoho ne, kuma shekarun da za ki yi ba kaɗan ba ne. Idan wata rana aka kira ki aka ce ta Allah ta kasance, kada ki tayar da hankalinki kina neman tikiti, kafin ki isa filin jirgi an riga an kai ni. Ki yi alwala ki yi mini addu'a daga inda kike, za ta iso. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ban ma san kin taɓa yi mini laifi ba. Amma idan Allah ya ara mana kwana, ki zo da kaka, lokacin cirar gyaɗa. Na sa an shuka miki kunya huɗu a gonar bayan gida, ba zan bari kowa ya taɓa su ba sai an tabbatar mini ba za ki samu zuwa ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa iliminki ya amfani masu ciwo, ya yi miki albarka ke da zuriyarki. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya jiƙan Buba da Dakta Habu, ya yafe mini abin da na yi musu. Allah ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Salihu.